Kofur Manu, Saura Suna Biyar

Daga Allah muke, kuma gare shi kowane mai rai zai koma. Ranar Talata, uku ga watan Satumba na shekarar 1996, da hantsi, Allah ya karɓi ran Kofur Manu Gagarawa a gidansa da ke Gumel, bayan jinyar mako uku. Ya bar duniya yana da shekara saba'in da uku bisa ƙiyasinsa, don yakan ce shi ba a haife shi a takarda ba. Ina cikin aji ina koyarwa babban ɗansa Hussaini ya zo ya tsaya a bakin taga. Kallona kawai ya yi ya sunkuyar da kai. Na ajiye alli na bi shi. Bayan azahar aka yi masa sutura, aka kai shi makwancinsa, gero ya nuna a gonakin da ke kewaye da maƙabartar, har da tasa gonar da bai samu girbewa ba.

Baba, ni ne Ezekiel, malamin tarihi, wanda kake kira Malam Zakiyalu. Ba jininka ba ne ni, ba kuma addininmu ɗaya ba. Daga Pankshin na fito, aka turo ni Gumel a shekarar da aka ƙirƙiri jihar Jigawa, na kama haya katanga ɗaya da gidanka. Amma da aka tashi ɗaukar makararka ban iya tsayawa daga nesa ba, kuma babu wanda ya ce in matsa. Don haka na ga ya wajaba in rubuta abin da na sani game da kai tun ƙasar kabarinka ba ta bushe ba.

Ranar da na fara gaishe ka a ƙofar gida na ce maka Saje, don haka na ji yaran unguwa suna faɗa. Ka ɗaga mini yatsa biyu ka ce, "Malam, igiya biyu aka ba ni. Kofur nake, Kofur na masu ɗaukar kaya. Kada ka ƙara mini abin da ban ɗauka ba." A lokacin dariya na yi. Ban san cewa na ji halinka gaba ɗaya a cikin wannan magana ba.

Alherinka na farko gare ni ba zan manta da shi ba har in bi ka. A daminar 1992 naƙuda ta kama matata Agnes da rana tsaka, bayan ruwan sama na kwana biyu. Lungunmu ya zama tafki, babu motar da za ta shigo, ni kuwa na ruɗe ina ta zagaye tsakar gida. Ka shigo ba ka tambayi kowa ba, ka zare itace biyu daga rumfar awakinka, ka ce Iya Maijidda, uwargidanka, ta kawo bargo. Kafin in gane abin da kake yi ka naɗe bargon a jikin itatuwan, ya zama gado. Ka kira maza uku, kai ne na huɗu, kana dab da shekara saba'in, ka kama kusurwar gaba. Ka ce musu, "Kada ku taka tare, in kun taka tare za ta yi ta lilo. Kowa ya saɓa ƙafa da ɗan'uwansa." Haka kuka ratsa ruwa har gwiwa kuka kai ta bakin titi. Da 'yarmu Lovelyn ta zo duniya, sunan ya ƙi zama a bakinka, ka ce kai Lafiya za ka riƙa ce mata. Har yau da shi take amsawa a unguwa. Na tambaye ka inda ka koyi wannan ɗauka, ka ce, "A Burma," ka kawo wata maganar.

Sai bayan shekara guda na ji sauran. Wata Asabar da la'asar na bi ta rumfar kallon bidiyo da ke kusa da tashar mota, ina neman ɗalibaina biyu da aka ce can suke wuni. Fim ɗin yaƙi ake nunawa, Turawa da Japanawa a cikin kurmi. Abin mamaki sai na hango ka zaune a benci na gaba, da sandarka a tsakanin ƙafafu. Wani ne ya ce maka an kawo fim ɗin yaƙinku. Da aka gama, mutane suna tashi, ka roƙi mai rumfar ya mayar da kaset ɗin baya. Ya mayar, ka sake kallo kusan rabi, fuskarka dab da talabijin. Sannan ka juyo ka ce da ƙarfi, "Kurmin na gane shi. Ruwan na gane shi. To mu muna ina? Wa ya ɗauko musu harsasan da suke harbawa? Wa ya ɗauke su da suka faɗi?" Samari suka fashe da dariya, wani ya ce, "Baba, ai fim ne." Ka ce, "Na sani. Amma ku shi za ku riƙe, don shi kuka gani."

Na rako ka gida a ƙasa. A hanya na gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa a garin nan ba, cewa mahaifina ma ya je Burma. Ya dawo, ya yi shekara talatin a cikinmu, bai taɓa ba mu labarin ko kwana ɗaya na can ba. In ruwa ya fara dukan kwano sai ya bar ɗaki ya koma rumbu ya zauna. Ya rasu ban san ko a wace runduna ya yi aiki ba. Ni kuma ga shi ina koyar da wannan yaƙi daga littafin da ya cika da sunayen janar-janar da ranakun tarurruka, mutanenmu kuwa layi biyu aka ba su. Na so ka ce mini ka san shi. Ka tambayi sunansa, ka yi tunani, ka ce, "Ban san shi ba, Malam. Mu dubbai ne. Amma na san abin da ya rufe masa baki. Kana da abin ɗaukar magana?" Na ce ina da rakoda. Ka ce, "Gobe bayan cocinku ka zo da ita."

Abin da ka fara faɗa wa rakodar ba labarinka ba ne. Sunaye ne. Mutum talatin da ɗaya, har da kai, waɗanda aka tara daga ƙasar Gumel a shekarar 1942, aka sa ku a jirgin ƙasa a Gagarawa Tasha. Ka jero su yadda magatakarda ya kira su a bakin tarago, ba ka yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, domin ashe shekara hamsin kana maimaita su kullum bayan sallar asuba. Daga nan ka ba ni labarin atisaye, da jirgin ruwan da ya yi makonni bai ga ƙasa ba, da Indiya, da kwarin kogin Kaladan inda babu hanyar mota, sai kawunanku. Akwatin harsasai a kan gammo, hawa dutse, sauka dutse, matsattsaku suna shan jini a ƙafa, ruwa ba ya ɗaukewa. Ka ce ba ka taɓa harbin kowa ba, kuma ba ka jin kunyar faɗar haka.

Sannan ka gaya mini abin da kake so. Kowane ɗaya daga cikin mutanen nan a rubuta sunansa, da sunan ubansa, da ƙauyensu, da abin da ya same shi, da inda aka binne shi in an sani. Abin da ba a sani ba a bar gurbinsa fari, kada a cike da zato. Na ce aiki ne babba. Ka ce, "Kaya in ya yi nauyi ba a tsayawa kallonsa, gammo ake gyarawa."

Shekara uku muka yi a kan babur ɗina, kana bayana riƙe da rakoda a cikin jakar fata. Ƙauyukan Gagarawa, na Sule Tankarkar, na Maigatari, babu rairayin da bai kayar da mu ba. Wani gida a tarbe mu da fura, wani gida a ce ba a san mai wannan suna ba, sai wata tsohuwa ta leƙo daga bayan zana ta ce ƙanin kakansu ne. Wani gida a fito mana da lambar girma da aka ɗaura wa akuya a wuya. Ni nakan gaji, nakan ce a bari sai an yi hutu. Kai kuwa kowace Asabar kafin rana ta yi zafi ka tsaya a ƙofata ka yi sallama. Agnes takan saurari kaset ta buga a tafireta, in ta kammala sai in karanta maka, ka tsayar da ni a kan kalma ɗaya ka ce, "Ban ce ya yi jarunta ba, cewa na yi bai ajiye kaya ba. Gyara."

Akwai suna ɗaya da kullum kake saurin wucewa, na goma sha bakwai, Cindo, mutumin wani ƙauye yamma da Sule Tankarkar. Ni ma na san sunan tun kafin in san ka, ban dai san mai shi ba. A ƙasar nan in ɗan kokawa ya fice daga fili, ko yaro ya tsere daga gona, sai a ce ya yi gudun Cindo. Ɗalibaina ma suna faɗa wa juna a filin ƙwallo. Da na matsa maka, ka ce daga bakinka maganar ta fito. Kuna tsallaka wani rafi Japanawa suka buɗe muku wuta daga tudu. Kana gaba, ka waiwaya, ka ga Cindo ya jefar da akwatinsa a ruwa ya juya baya da gudu. Ba ka sake ganinsa ba. Da kuka dawo gida a 1946 mahaifinsa ya tare ka a gaban mutane ya tambaye ka ɗansa, ka faɗi abin da ka gani. Ka ce mini, "Abin da idona ya gani na faɗa, Malam. Rubuta haka." Na rubuta.

Mutum na ashirin da biyu, Ilu, mun neme shi mun rasa. An ce tun kafin yaƙi ya ƙare iyayensa suka ƙaura zuwa Damagaram. Sai a ƙarshen 1994 wani dillalin shanu ya gaya mana akwai wani makaho tsoho da yakan biyo babbar motar kayan jikokinsa daga Nijar zuwa kasuwar Maigatari, wai shi ma ya yi sojan Ingilishi. Ranar Alhamis na nemi izini a makaranta muka tafi. Muka same shi a inuwar wata rumfa kusa da kara, inda ake cinikin shanu, yana murza igiya. Ka tsuguna a gabansa ka ce, "Lambarka nawa?" Ya saki igiyar, ya miƙe zaune, ya karanto lambarsa da Turanci. Ka karanto taka. Ya miƙo hannu yana lalube har ya kama gemunka, ya ce, "Kofur? Kana da rai?" Na kau da kai, don ba kyau a ga dattawa biyu suna kuka a tsakiyar kasuwa.

Da kuka natsu na kunna rakoda. Ilu ya ce a wannan rafin ne idanunsa suka tafi, wani abu ya fashe a gabansa, duniya ta yi duhu, ya faɗi a ruwa yana shaƙa. Yana can baya, ƙarshen layi. Sai ya ji an cafki wuyan hannunsa an ɗaga shi an goya.

Ka ce, "Wa ya ɗauke ka?"

Ya ce, "Cindo mana. Ba ka sani ba? Tun kafin ya yi magana na gane shi, na ji ƙaramin yatsan nan na shida a hannuna, wanda ba a cire masa ba. Ya ce, Ilu riƙe wuyana. Ya fitar da ni ya kwantar wurin masu rauni, ya ce saura Jatau, ya koma. Mai ɗaurin rauni ne ya gaya mini daga baya cewa wanda ya kawo ni an harbe shi a tsakiyar ruwa da mutum a bayansa. Ni daga nan asibitin Indiya aka kai ni, daga can aka sallame ni ni kaɗai. Shekara hamsin ina yi masa addu'a. Yana da baya kuwa?"

Sai ka juyo ka ce mini in kashe rakoda in tayar da babur. Muna tafe a hanyar Gumel na ce maka, Baba, ai kuskure ne, abin da ka gani ka faɗa, za mu gyara a littafi shi ke nan. Ka sa na tsaya a gefen titi. Ka sauka ka dube ni ka ce, "Malam, mutum nawa za su karanta littafinka? A gaban mutane na ɓata shi. A gaban mutane zan gyara. Amma akwai wadda za ta fara ji."

Cindo ya tafi yaƙi ya bar matarsa da ciki. 'Yar da aka haifa ita ce A'i, mai sayar da daddawa a kasuwar Sule Tankarkar, a lokacin ta haura shekara hamsin, tana da jikoki. Washegari muka je gidanta. Ta shimfiɗa maka tabarma, ka ƙi hawa, ka zauna a ƙasa. Ka gaya mata komai, daga rafin har zuwa ranar da ka yi magana a gaban kakanta, ba ka rage ba, ba ka nemi mafaka ba. Na sa mata muryar Ilu ta ji. Ta saurara har ƙarshe, hannuwanta a kan cinya.

Ta ce, "Baba, tun ina ƙarama ake ce mini 'yar mai gudu. 'Ya'yana sun sha duka a kan wannan suna. Wannan duk mai sauƙi ne. Mahaifiyata ta yi shekara arba'in ba ta ɗaga kai a gidan biki ba, haka ta mutu. Wa zai je ya gaya mata?"

Ka ce, "Babu."

Ta ce, "To, na ji." Ta tashi ta shige ɗaki. Ba ta ce ta yafe ba, kai ma ba ka roƙa ba. A hanya ka ce mini ba ka da bakin roƙo tukuna.

Abin da ka yi bayan haka mutanen ƙasar nan sun gani da idonsu. Ka aika aka ɗauko Ilu daga Nijar. Ranar kasuwar Sule Tankarkar ka sa tsohuwar rigarka ta kaki, ka je wurin wani mai tallan maganin basur da ke da lasifika a kan mota, ka roƙe shi aron bakinta. Ya ɗauka barkwanci za ka yi, ya ba ka. Ka ce, "Jama'a, ni ne Kofur Manu na Gagarawa. Ni na ce Cindo ya gudu. Ƙarya na yi, ko da yake ban san ƙarya ba ce. Gudu ya yi zuwa wurin wuta, ba daga wurinta ba. Ga wanda ya ɗauko, ku tambaye shi." Ilu ya karɓa ya faɗi nasa. Wasu suka yi tsit, wasu suka yi dariya, wani mahauci ya ɗaga murya ya ce tsufa ne ya taɓa ka. A'i tana zaune a bayan faifan daddawarta, ba ta ɗago ba.

Ba ka tsaya nan ba. Ka maimaita a kasuwar Gagarawa, ka maimaita a Gumel, ka maimaita a Maigatari, sannan ka sake zagayowa. Hussaini ya zo ya same ni ya ce in yi maka magana, ana nuna su da baki a gari, ana cewa ubansu ya zama abin kallo. Na isar maka. Ka ce, "Ƙaryar ta yi shekara arba'in da takwas tana tafiya. Da kasuwa ɗaya gaskiya za ta cim mata?" Wasu daga cikin 'yan mazan jiya ma sun ji haushi, suka ce ka zubar da girman kaki. Ka rasa abokan hira biyu a kan haka, kuma na san ya yi maka ciwo, don ka daina bin ta layinsu. Amma in ka ji yaro ya ce gudun Cindo sai ka tsaya, ko ina za ka, ka kira shi ka zaunar da shi ka ba shi labarin tun daga farko. Ba zan ce maganar ta mutu ba. Har yanzu akan ji ta. Sai dai a bana na ji wani ɗalibina ya faɗa a filin wasa, ɗan'uwansa ya ce masa, "Kai, ba ka ji ba? Ai Cindo mutum ya je ɗaukowa."

A bara, da gidajen rediyo suka cika da zancen cika shekara hamsin da ƙare yaƙin, wani mai shirya finafinan bidiyo ya zo daga Kano, ya ji labarinka. Mutumin kirki ne, ya zauna ya bayyana maka tsarinsa. Za a nuna ka da bindiga mai jigida, ka kashe Japanawa arba'in, ka ceci Baturen hafsa, ka dawo ka auri wadda ta jira ka. Ka saurare shi har ya gama, ka sa aka kawo masa kunu. Ka ce, "Ɗana, in kana son fim, ga shi. Mutum ya ɗauki akwati a ka wata shida. Rana ɗaya ya jefar da shi don ya ɗauki ɗan'uwansa. Ya mutu. Abokinsa ya dawo gida ya ɓata masa suna. Ni ne abokin. In za ka yi wannan, zan tsaya a gaban na'urarka." Ya ce mutane ba za su saya ba. Ka ce to a bar shi. Kuka yi sallama cikin mutunci.

Ciwon ya kwantar da kai a tsakiyar watan Agusta. Kwana takwas kafin rasuwarka ina zaune a gefen gadonka ina karanta maka shafukan da Agnes ta buga, Iya Maijidda ta leƙo ta ce ana sallama, wata mata daga Sule Tankarkar. A'i ce. Kusan shekara biyu ba ta ce maka komai ba. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe ka da jiki. Sannan ta ce in karanta mata abin da aka rubuta a kan mahaifinta. Na buɗe shafi na goma sha bakwai na karanta: sunansa na yanka Usmanu, ɗan Nomau, ya ɗauko Ilu daga rafi, ya koma ɗauko Jatau, aka harbe shi, ba a san kabarinsa ba. A ƙasa akwai layin da ka tilasta a sa, cewa Kofur Manu ne ya yi masa shaidar da ba daidai ba a 1946, ya janye ta a 1994.

Ta ce in sake karantawa. Na sake. Ta ce, "Baba, na yafe maka nawa. Na mahaifiyata ba ni da iko da shi, amma zan roƙa maka." Ka ɗaga hannu kana son magana, numfashi bai bari ba. Da ta tafi ka yi barcin da Iya ta ce rabonka da irinsa tun farkon ciwon.

Baba, ga inda aikin ya tsaya. Cikin talatin da ɗaya mun gano ashirin da biyar. Kai ne na ashirin da shida, kuma jiya na zauna na cike gurbinka da hannuna: ya rasu a Gumel, an binne shi a maƙabartar gabas, Kofur, igiya biyu. Saura biyar. Ɓarau, Tanko Mai Kalangu, Dodo ɗan Sarkin Aska, Gagare, da Jatau wanda Cindo ya mutu yana goye da shi, wanda har yau ba mu san ko shi ya fita daga ruwan ba. Ban san wanda zai buga littafin ba. Maɗaba'a biyu sun ce babu mai sayen jerin sunayen matattu. In ta kama, da injin buga takardun jarrabawa za mu juya shi, mu ɗinke da zare, mu kai kowane gida nasa kwafin, mu ajiye ɗaya a kowace makaranta daga Gagarawa har bakin iyaka. Kaset arba'in da ɗaya suna cikin akwatin ƙarfe a ɗakina, kuma na fara kwafe su don kada zafi ya cinye muryarka. Na yi maka alkawari a gaban Allah, wanda ni da kai muka yarda yana ji, ba zan cike gurbi da zato ba, ba kuma zan ajiye ba.

Hussaini, wanda a da yake jin nauyin abin da kake yi, shi ya zo ya same ni bayan addu'ar uku. Ya ce wani direba ya ba shi labarin akwai dangin wani Jatau a wani ƙauye arewa da Maigatari, hanyar rairayi ce sosai. Ya ce shi zai riƙe jakar. Asabar mai zuwa za mu tafi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Iya Maijidda, wadda ta yi shekara arba'in da bakwai tana jin sunayen nan kowace asuba har ta haddace su ita ma. Ina miƙa ta ga Hussaini da ƙanwarsa Safinatu da ƙannensu da jikoki, da Malam Ilu a Damagaram wanda aka aika wa da saƙo, da 'yan mazan jiya na ƙasar Gumel, waɗanda suka rage ba su kai yatsun hannu biyu ba. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsare bayansa, ya haɗa kanku.

Kai kuma Baba, Allah ya jiƙanka, ya yi maka rahama, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi. Ya gafarta maka abin da ka sani da wanda ba ka sani ba. Ya karɓi gyaran da ka yi da tsufanka, a tsakiyar rana, a gaban masu dariya. Allah ya jiƙan Usmanu ɗan Nomau da matarsa, da mahaifina, da duk waɗanda suka kwanta a ƙasar da ba tasu ba babu mai kai musu ziyara. In ka isa ka tarar da su, Baba, ka gaya musu ana rubutawa.

Allah ya sa mu cika da kyau. Amin.